Ƙofar da Ban Rufe Ba

Duk wanda ya tashi a Arlit ya san baj tun kafin ya san haruffa. Ni na Babana na fara sani: ɗan kati mai hotonsa tun yana da ƙuruciya, rataye da igiya a ƙusar bayan ƙofar ɗaki. Kana iya wasa da hularsa ta kwano, kana iya zura ƙafarka cikin manyan takalmansa ka yi ta jan su a tsakar gida, amma baj ba a taɓa shi. Ranar da ƙanwata ta ɓoye shi cikin kwandon albasa, Baba bai shiga wurin aiki ba, ga shi kuwa mai gadin ƙofar mutuminsa ne, tare suke shan shayi ran Lahadi. Ya san fuskarsa, ya san ƴaƴansa, amma bai bar shi ya wuce ba. Abin da ya ba ni mamaki a lokacin, Baba bai yi fushi da mutumin ba ko kaɗan. Ƙanwata ce ta sha faɗa.

Na fara da wannan ne don ku ga inda kunyar take a labarin da zan ba ku. Ɗan gidan da aka girmama baj haka, wanda kuma aka tura Yamai ya koyo ilimin kwamfuta, shi ne ya bar ƙofa a hangame.

Ga waɗanda ba su taɓa hawa arewa ba, Arlit gari ne da rami ya haifa. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da uraniyom a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, tana haƙa a ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan. Kafin nan makiyaya Abzinawa ne suka san wurin. Mutane suka yi ta kwararowa daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Dosso, kowa da harshensa, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na layi. Babana daga Adar ya zo da sana'ar gyaran wuta, ya yi shekaru yana bin ƙananan kamfanonin kwangila, bana nan baɗi can. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak. Ba ma'aikatanta kaɗai abin ya taɓa ba. Ƴan kwangila, masu shago, mata masu tuwo, ƴan kabu-kabu, kowa ya ji a jikinsa. Wasu sun nufi wuraren zinariya na Jado da Cibarakaten, wasu sun koma garuruwan da suka baro shekara talatin da suka wuce. Wasu kuma irin Baba suka ce ina za su, bayan duk ƴaƴansu a nan aka yanke musu cibi.

Waɗanda suka zauna suna da wata ƴar ƙungiya ta taimakon juna, ta tsofaffin abokan aiki da matan waɗanda suka rasu. Ba zan faɗi sunanta ba. Kowa yana zuba abin da aka yanke duk wata. Wanda ya shiga matsi ya karɓi rance ba ruwa, wanda ciwo ya kwantar a taimaka masa da kuɗin magani ko na mota zuwa Agadas. Lissafinsu kuwa a warwatse yake: kaye huɗu masu baƙin bango, fayil ɗin Excel kala uku daga hannun mutum uku da kowa ya jera abinsa yadda ya ga dama, da saƙonnin da waɗanda suka koma gida suke turowa wayar sakatare. Sunan mutum ɗaya kana iya samunsa da rubutu iri uku, nan da harafin Faransanci, can da na Hausa, can kuma laƙabi ne kawai.

Da muka kai shekara ta uku aka ce kowa ya kawo aikin ƙarshe, malamin da ke duba ni ya ba ni fannin haɗa tsare-tsaren da ba sa jin yaren juna, ya ce in yi da Apache Karaf da Apache Camel. Abokaina suka ƙirƙiro bankunan ƙarya da asibitocin ƙarya don gwaji. Ni na ce ina da matsala ta gaske a gida. Gaskiya kuma akwai son nuna kai a ciki. Ina son tsofaffin nan da suka ga tatata su ga cewa kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. In kun tambaye ni yau, zan ce Karaf ya yi wa aikin girma, kamar ka ɗauko tirela don kai buhun gero ɗaya kasuwa. Amma shi aka ba ni, da shi na hau mota na yi kusan kilomita 1200, ta Dosso, Konni, Tawa, Abalak, Agadas, sannan waɗancan kilomita 240 na ƙarshe da duk ɗan Arlit ya san yadda suke kwance wa mutum ƙugu.

Bari in yi bayanin kayan a taƙaice, don ƴan adabi da ƴan shari'a da ke karanta wannan ɗan littafi kada su juya shafi. Karaf kamar rumbu ne da ba a zuba hatsi a cikinsa tsaba, sai dami-dami. Kowane dami ɗan shiri ne na Java mai aikinsa shi kaɗai, kana iya saka shi ko ka zare shi ba tare da ka kashe sauran ba. Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan ana ce mata OSGi, tun 1999 ake da ita. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsauri: kowane dami sai ya rubuta a goshinsa abin da yake buƙata daga maƙwabtansa da abin da zai ba su. In ya nemi abin da babu a rumbun, ba zai tashi ba. Camel shi ne ɗan dako: ya ɗauki fayil daga nan, ya gyara shi, ya sauke shi a rumbun bayanai. Sabilet kuwa shi ne mai zama a gishe. Ka buɗe Chrome ka rubuta adireshi, buƙatarka ta isa gare shi, shi kuma ya miƙo maka amsa. A Karaf gishen yana kan ƙofa mai lamba 8181 in ba ka canja ba.

Ofishin ƙungiyar zauren gidan shugaba ne, da tsohuwar kwamfutar tebur da ɗan wani mamba ya bayar, tsofaffin suna ce mata ordinater. Na buɗe ta na hure ƙurar da ta kusa cika tafi biyu. Dare uku na yi ina jefa damina cikin akwatin da ake ce wa deploy, wanda duk abin da ka ajiye a ciki Karaf zai ɗauka ya kunna da kansa. In na buga bundle:list sai in ga nawa ya tsaya a Installed, ya ƙi zama Active, kamar jakin da ya ga rijiya. Ashe darasin da na bi a intanet sabo ne, yana kiran kayan sabilet da sunan jakarta, shi kuwa Karaf ɗin da ke hannuna da tsohon suna javax ya san su. An canja sunan ne a 2020 bayan aikin ya koma hannun gidauniyar Eclipse. Kalma ɗaya ta cinye mini dare uku. Sai kuma rezo. Duk lokacin da ka buga feature:install, Karaf zai miƙa hannu intanet ya jawo abin da ya rasa, kuma wanda ya tsara hakan bai yi tunanin zauren da sanda ɗaya ke zuwa tana komawa ba. Ƙarfe biyu na dare nake hawa soro da waya, lokacin da gari ya yi barci layi ya ɗan saki, in sauko da kayan a kile.

Da shafin ya fito a karon farko, na yi abin da aka koya mana. A cikin fayil ɗin web.xml na rubuta cewa duk adireshin da ke ƙarƙashin shafin sai mai matsayi kaza, na zaɓi hanyar tantancewa mafi sauƙi, wadda ake ce wa BASIC, na haɗa ta da rajistar masu shiga ta Karaf. Rajistar nan wani ɗan fayil ne, users.properties, layi ɗaya mutum ɗaya: suna, kalmar sirri, matsayi. Na ma tuna na goge sanannen layin nan da sunan shiga karaf ne kalmar sirri ma karaf, wanda duk ɗalibin da ya taɓa manhajar ya haddace. Na gwada. Ɗan akwati ya fito yana tambayar suna. Na sa ƙarya, ya ƙi. Na sa gaskiya, ya buɗe. Na miƙe na yi miƙa kamar wanda ya gama noman gandu.

Kwana biyu bayan haka ma'ajin ƙungiyar, wanda nake kira Kawu, ya ce shi dai shafin yana da kyau, amma ya saba da Excel, a yi masa hanyar da zai sauke lissafin gaba ɗaya. Abu mai sauƙi. Na rubuta wata hanya ta Camel a dami na daban, na rataya mata sabilet ɗinta a wani adireshi, ƙarshensa /fitar. Minti arba'in na gama. Na gwada a kwamfutar, fayil ya sauka. Bai tambaye ni suna ba, amma na ɗauka don na riga na shiga ne, Chrome yana tune da ni. Wannan zaton shi ne duk laifina, kuma ban tsaya na gwada shi ba ko na minti ɗaya.

Fadarmu tana zama a bakin layin gidan shugaba, inda wifi ɗin zauren yake kaiwa in ka jingina da bango. Wani dare muna kan shayi na biyu, ana ta tsokanata wai injiniyan Yamai ya zo ya yi wa tsofaffi aikin kaye, sai na ce da wani abokina ya shiga wifi ɗin in nuna masa. Na karanto masa adireshi. Niyyata ya ga akwatin nan ya tare shi, in yi dariya. Amma wanda ke saman tarihin wayata shi na karanto, mai /fitar. Ya rubuta. Ya yi shiru. Sai na ga yana jan allo da babban yatsa.

"Mutumina," ya ce, "ashe baban su wance ciwon ƙoda gare shi? Kuma ana bin shi har jaka ɗari biyu?"

Yarinyar da ya ambata, ita yake nema. Gidan kuma gida ne da ake ganinsa da rufin asiri, ba wanda ya taɓa jin sun nemi ko dala a wurin kowa. Na fizge wayar har kofin shayi ya kife. Mutum shida ke zaune, duk sun ji. Na goge fayil ɗin, na shiga WhatsApp ɗinsa na duba ko ya tura, bai tura ba, lokaci ma bai isa ba. Na ruga zaure na zare wayar wifi daga bango. Amma abin da kunne shida ya ji ba shi da maɓallin gogewa. Na roƙe su don Allah don Annabi. Suka rantse. Har yau ban ji maganar ta fita ba, sai dai duk lokacin da na haɗu da dattijon nan a masallaci sai in ji na kasa haɗa ido da shi.

A daren na gano abin da ya faru, kuma abin haushin, ba wani abu ne mai zurfi ba. Dokar da na rubuta a web.xml ta damin da take ciki ce kawai. Sabilet ɗin Camel na rataye shi kai tsaye daga wani dami, shi kuwa mahallin da yake samu in ba ka ba shi naka ba, kowa ya zo marhabin yake ce masa. Ni na ga lamba ɗaya, 8181, na ɗauka gida ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Ashe gidan haya ne, kowane ɗaki da ƙofarsa ta waje. Kyawun tsarin dami-dami ke nan, ba mai shiga harkar wani, kuma nan ne ramin yake: makullin da ka sa wa wannan bai san da zaman wancan ba. An koya mana wannan? Wataƙila an faɗa. An ma yi mana darasi guda kan dokar kare bayanan mutane da Nijar ta yi a 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Na haddace don jarrabawa, na ci, na manta, don a kaina bayanan mutane na bankuna ne da kamfanonin waya, ba na kayen tsofaffin unguwarmu ba.

Sai na ce bari in buɗe fayil ɗin in ga iyakar abin da ya fallasa. Lokacin da nake shigar da kayen ban karanta ba, Camel ne ya yi dakon Excel, sakatare kuma shi ya buga na hannu. Yanzu na karanta layi-layi. Wane hawan jini. Wane ido. Wance mijinta ya bar bashi, ƴaƴa bakwai. Wane ya roƙa kada a gaya wa iyalinsa. Na zo kan sunan Babana.

Rance uku. Biyu na kuɗin makaranta, waɗannan ban yi mamaki sosai ba. Na uku jaka 180, a gurbin dalili an rubuta: ordinater na yaro. Ya biya kashi ɗaya cikin uku. Kwamfutar da ke kan cinyata ke nan, wadda ya miƙo mini a tasha shekara biyu da suka wuce ya ce wani tsohon ubangidansa ne ya biya shi wasu kuɗi da ya daɗe yana bi. Na rufe ta. Na zauna a zauren cikin duhu har aka yi kiran assalatu.

Ba abokina kaɗai ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Shi ta ƙofar da na manta ya shiga, ni kuwa ta ƙofar da na ba kaina makullinta. Ba wanda ya ba ni izinin sanin bashin ubana. Na samu ne kawai don ni na kafa injin.

Da safe na sami shugaba na gaya masa komai, ban da maganar Baba. Na zaci zai kore ni da kayana. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a kira kwamiti bayan la'asar. Mutum biyar suka zo, da Hajiyar da ke wakiltar matan marigayan, da Babana, wanda ba ɗan kwamiti ba ne amma aka ce ya zo tunda ɗansa ne ya yi ɓarna. Na yi bayani iya iyawata. Na ce na toshe ramin, na rubuta wa sabilet na biyu mahallinsa da ke tambayar suna kamar na farko, na gwada da waya uku da ba su taɓa shiga ba. Na ce amma akwai abin da ba ni zan yanke ba: wa zai ga me.

Shugaba ya ce, "Yaro, mu da munka yi shekara talatin muna cin ƙura tare, mi za mu ɓoye ma juna? A sa kalma guda, kowa ya riƙe, shi ke nan."

Na ce, "Baba Alhaji, in kalma guda ce, ranar da wani abu ya fita ba za a san ta hannun wa ya fita ba. Kuma in mutum ɗaya ya bar kwamiti sai an canja wa kowa."

Bai ji daɗin maganar ba, na ga alama, kamar na ce a cikinsu akwai ɓarawo. Kawu ma'aji ya sunkuyar da kai. Hajiya ce ta gyara mayafi ta ce ita dai abin da mata ke gaya mata a ɗaki ba don maza su karanta ba ne, ko da kuwa mazan alhazai ne. Ta ce akwai wadda ta fi son ta kwana da yunwa da a ce abokin mijinta ya san ba ta da na cefane. Ta ce in kalma guda za a sa, a cire mata daga injin, ta koma kayenta. Zauren ya yi tsit.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba. Ya ce, "Alhaji, ka tuna can wurin aiki. Baj shina shigar da kai ƙofa, amma ba shi buɗe maka mangaza. Makullin mangaza na hannun mai mangaza. Kuma ba wanda ya taɓa cewa an zarge shi da sata don ba a ba shi ba."

Ni da na yi shekara uku ina rikita tantancewa da izini a takardar jarrabawa, ban taɓa jin an raba su haka ba. A yaren sabilet lambobi biyu ne. In ya mayar maka da 401, cewa yake ban san ka ba, nuna baj. In ya mayar da 403, cewa yake na san ka sarai, amma nan ba wurinka ba ne. Shugaba ya yi dariya ya ce to, tunda mai wuta ya yi magana. Aka yanke matsayi uku. Sakatare yana ganin sunaye da zubi. Ma'aji yana ganin rance. Bayanin ciwo da na matan marigaya, Hajiya da wani dattijo guda da aka zaɓa. Shugaba da kansa ya ce a bar masa jimilla kawai, ba ya son sunaye, ya ce barcinsa zai fi daɗi.

Sauran aikin na ƴan kwanaki ne, kuma a nan ne na ga yadda abin da ke da sauƙi a aji yake zama wani abu a zaure. Kalmomin sirri a users.properties a fili suke kwance in ba ka kunna rufe su a fayil ɗin saiti ba, na kunna. Hanyar BASIC ba ta ɓoye kalmar da ka buga, tana dai juya ta zuwa Base64, wanda ko ɗan shekarar farko zai warware cikin daƙiƙa, don haka duk mai wayo da ke kan wifi ɗaya yana iya tsinta. Na yi wa injin takardar shaida ta gida na koma HTTPS. Sai Chrome ya fara fito da jan gargaɗi da Faransanci cewa haɗin ba amintacce ba ne, tunda ni na sa wa takardar hannu ba wata hukuma ba. Kawu ya ga ja ya ja kujera baya, sai da na bi na'urorinsu ɗaya-ɗaya na sa su amince da ita. BASIC kuma ba shi da maɓallin fita, sai ka rufe Chrome gaba ɗaya, na rubuta haka da manyan haruffa na manna a bango. Na canja kalmar wifi, fadarmu ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana. Ranar da zan gwada na ƙarshe na ɗaga allon rubutu don in share ƙura, sai ga kalmar sirrin sakatare a ƴar takarda, manne da salatif a ƙasa. Na nuna masa. Ya ce ai ba wanda zai ɗaga. Na ce ni na ɗaga. Muka daidaita a kan ya sa ta cikin aljihun da yake ajiye katin ɗan ƙasa.

Saura makulli ɗaya, nawa. Wanda ke da kalmar babban mai kula da injin, duk waɗannan matsayi uku wasan yara ne a wurinsa: ya buɗe rumbun bayanai kai tsaye, ya ƙara wa kansa layi a rajista, ya shiga ta ƙofa ta 8101 ya yi abin da ya so. Ba wanda ya tambaye ni wannan a kwamiti, don ba su san akwai shi ba. Na yi kwana biyu ina jujjuya abin. In na riƙe, zan iya gyara musu matsala cikin sauƙi, kuma zan iya duba ko Baba ya ƙara biya, ko ya ƙara ci. Na san kaina, zan duba. Ranar jajibirin tafiyata na kira Kawu da Hajiya, na juya baya, shi ya buga rabin sabuwar kalma ita ta buga rabi, kowa ya rubuta nasa ya tafi da shi. Hajiya ta tambaye ni ko dole ne rabinta ya zama da boko. Na ce lambobi ma sun isa.

Abin yana da tsada, kada in yi muku ƙarya. Wata huɗu bayan na koma Yamai aka ɗauke kuran ana tsakiyar rubutu, injin ya tashi amma dami ɗaya ya ƙi. Hajiya ta tafi Tawa biki da rabinta. Sati uku suka koma kaye, kuma sakatare ya kira ni sau biyar yana tambayar wane irin injiniya ne ke kulle kansa a waje. Da ta dawo muka gyara ta waya, ina faɗa yana bugawa harafi-harafi, mega ɗina ya ƙare sau biyu. A gaban malaman da suka saurari aikina an tambaye ni dalilin zaɓen Karaf, an tambaye ni zanen hanyoyin Camel, aka ba ni 14 bisa 20. Shafi ɗaya da rabi na rubuta kan ƙofar /fitar, ba wanda ya tsaya a kansa.

Ban taɓa gaya wa Baba na ga layinsa ba. Ko ya sani, bai nuna ba. Da safen da zan tafi shi ya riƙe mini jakar kwamfutar har tasha, ya ƙi ba ƙanena. Da mota ta fara ɗumama ya miƙo mini ita ta taga, ya ce, "Injin naka dai shina aiki lahiya?"

Na ce, "Yana aiki, Baba."

Ya ce, "To ka riƙa naɗe shi cikin zane. Ƙurar hanyar ga ba ta da kirki."